Gado da Tsamiyar Bakin Kara

Gado masassaƙi ne a Moriki, kuma ni shaida ne, don rumfata ta ɗinki na kallon wurinsa. Turmi da akushi yake sassaƙawa a gindin wata tsohuwar tsamiya da ke bakin kara, inda ubansa ya koya masa riƙon gizago. Mutum ne marar surutu. Sai ka gaishe shi sau biyu kafin ka samu "lahiya" ɗaya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, iskar farkon damina ta kayar da wata bishiya a Shinkafi, ta danne rumfar mai tsire. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Amma kafin labari ya iso mana, bishiyar ta kashe mutum uku da raƙumi.

Nan take kowa ya ɗaga kai yana harar tsamiyar Gado. Ta tsufa, ga ta a karkace. Inno mai nono ta kwashe ƙorenta ta koma ƙarƙashin wani dogon yaro mai ganye shar, sauran mata da dillalan shanu suka bi ta. Malami, sarkin kasuwa, ya zo da mutane.

"Gado, kai ka san icce. Ka sare muna wagga kahin ta hwaɗo ma jama'a."

"Bari in tambaye ta," in ji Gado.

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce aljanun tsamiya yake tsoro, alhali zamanin camfi ya wuce. Gado bai kula ba. Masassaƙi ba ya sare itace sai ya ƙwanƙwasa shi, don kada ya yi wahala a kan kogo. Ya juya ƙeyar gizago, ya sa Malami ya manna kunne, ya buga. Ƙara ta fito a tsuke, ƙwas! Ya zagaye ta yana bugu, ko'ina haka.

Daga nan ya taka zuwa dogon yaron da kowa ya fake, ya buga sau ɗaya. Gum! Kamar ganga. Ya soka bakin gizago, sai ga ƙasar gara tana zubowa.

Ban taɓa sanin Inno na da gudu ba sai ranar. Malami ma ya bar takalmi ɗaya a baya. Kafin la'asar an sare dogon yaro, kowa ya dawo inuwar tsamiya yana cewa shi dama bai ji tsoro ba.

Da aka watse, na iske Gado zaune a gindin tsamiya. Na tsokane shi, na ce ai ya san lafiyarta ƙalau.

"Ban sani ba," ya ce. "Shekara talatin ban yarda na buge ta ba. Da ta yi kukan kogo, wallahi ni zan kada ta, da gizagon babana."