Hannun Baba Ya Ƙi Gaisuwa

Jama'a, yau na ga hannun mahaifina ya yi masa gardama.

Ina kasuwa ƙanwata Hadiza ta kira ni: "Yaya, zo gida, Baba ba daidai yake ba." Kwana tara ke nan da rasuwar Inna, ko hutawa ban yi ba.

Na iske shi a zaure da masu ta'aziyya. Alhaji Sani, amininsa tun ƙuruciya, ya miƙo hannu. Baba ya miƙa na dama, sai na hagu ya cafke shi ya janye! Har sau uku.

"Malam, laifin me na yi maka?" in ji Alhaji.

"Wallahi ban aike shi ba," in ji Baba.

Alhaji ya sa takalminsa ya fita.

A asibiti likita ya ce ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kowane da hannun da yake sarrafawa. Jini ne ya toshe a hanyar da suke aika wa juna saƙo, shi ya sa hagu ba ya jin dama.

Da la'asar Baba ya sa na ɗaure masa hagun da rawani, muka taka har gidan Alhaji a unguwar Ƙofar Durbi. Aka ce Alhaji ba ya nan. Takalminsa kuwa na bakin ƙofa.

Har yanzu ba su gaisa ba.