Ranar da Mai Kunne Ya Nemi Sabulu

A layin gareji, in ka nemi kawuna da sunansa na gaskiya, sai ka wuni kana yawo. Ce Mai Kunne kawai, a nuna maka rumfar ƙarshe. Shekara talatin yana gyaran motocin nan da nauyin bayansu ke kan jakar roba mai cike da iska. In jakar ta huje, sai mota ta wayi gari zaune a kan tayoyin baya kamar jakin da ya gaji. Wasu bakanikai sukan shafa ruwan sabulu su nemi inda ke kumfa. Shi kuwa kunne yake karawa, ya nuna hujin da yatsa. Sabulu, in ji shi, na masu wanki ne.

Ƙa'idarsa ba ta canzawa. A zare fis ɗin wutar injin hura iska, a ɗaga mota a tokare ta, a ɗan sassauta tiyo, sannan kowa ya yi tsit har huci ya ɗauke. Jaka mai sauran iska, in aka kwance notinta, takan zabura ta murƙushe yatsun mutum.

To, bara kunnen ya fara ja da baya. A gida an sani, don sai matarsa ta kira sau uku, shi kuma ya ce muryarta ce ta tsufa. A gareji ba mai faɗa. Ƙanensa Auta da ke aiki tare da shi, wanda shi ma furfura ta ci gemunsa, ya lura amma ya kama bakinsa. In aka cire kunnen, me ya rage a sunan?

Wata safiya aka kawo mota mai jakar hagu a huje, ta daman ma ta tsufa, mai ita ya ce a sauya duka. Ta hagu ta fita salin alin. Kawu ya koma ta dama, ya sassauta tiyo, ya karkata kai. Shiru ya ji, sai ya sa sifana a kan noti.

Auta na tsugune a gefe, yana jin hucin sarai, siriri kamar na maciji. In ya yi magana ya kunyata yayansa a gaban mai mota, in ya yi shiru yatsu su tafi. Sai kawai ya kama hannun Kawu, ya ɗora tafinsa a jikin jakar. Tana nan tauri kamar dutse.

Sun daɗe a haka, har robar ta yi laushi a ƙarƙashin tafin Kawu. Sannan ya kwance notin, ya zare jakar.

Da mai mota ya tafi, Kawu ya tambayi Auta tun yaushe ya san kunnen ya ja da baya.

"Tun bara, Yaya."

"Shi ne ka bar ni ina ta cika baki?"

"Ai na faɗa," in ji Auta. "Ba ka ji ba ne."

Kawu ya yi dariya har ya share ido da gefen hannun riga.

Washegari ya zo da gorar ruwan sabulu, ya ajiye ta a fili kusa da akwatin sifana. Yanzu kafin ya taɓa noti, sai ya dafa jaka, ya dubi Auta ya ga ya gyaɗa kai. A layin kuwa har yau Mai Kunne ake ce masa, kuma yakan amsa, in an kira da ƙarfi.