Ranar da Merle ta yi gadin maciji

Merle Tuckwell ta yi shekara talatin tana dafa wa masu askin tumaki abinci a yammacin Queensland, kuma ban taɓa ganin ta saurari kowa ba. Mijinta Desmond har ya koma ga Allah bai taɓa kai ƙarshen magana a gabanta ba. Ya bar mata gidan kwano da ke jikin nawa, da wani guntun kare mai suna Nugget, wanda tsayinsa bai wuce na kyanwa ba amma ba ya ganin maciji ya ƙyale. Karen nan shi ne ranta, ni kuwa haushinsa nake ji, don ya gama da takalmana.

Mutum ɗaya ne maganarsa ke shiga kunnen Merle, wato Clarrie mai kama macizai. Doka ta hana mu kashe su, sai dai a kira shi. Da ya ce a rage ciyawa, ta aske tata har ƙasa ta fito. Da ya ce ruwa na jawo maciji, ta mai da kwanon Nugget kan teburin cin abinci, baƙi suna shan shayi yana lasar nasa a gefensu.

Wata safiya a tsakiyar zafin Janairu, watan da rana ta fi ƙuna a wajenmu, ta kwaɗa mini kira ta kan shinge. Na tarar da ita a ƙame kusa da tankin ruwa, ta maƙale Nugget a hammata. Ga maciji mai ruwan ƙasa, irin mai kisan nan, a miƙe a inuwar tankin. Na buga wa Clarrie waya, ya ce yana wata gona mai nisan awa biyu, a gaya mata kada ta kuskura ta ɗauke ido daga kansa, don in ya ɓace sai an rushe gidan kafin a same shi.

Ai kuwa ba ta ɗauke ba. Na tura mata kujera ta baya ta zauna, na kifa mata hula, na riƙa kai mata shayi baki ina kore mata ƙuda. Kafin awa guda rabin layinmu ya hallara a baranda. Matar fasto ta zo da kek, tsofaffi biyu suka kaure da musun tsawon macijin. Fitsari ya matsi Merle har tana kaɗa ƙafa. Na ce ta je in karɓe ta, ta ce idon da ya zaɓi mijina ba za ta ba shi amanar maciji ba. Tana ta cika baki wai mu ga tarbiyya, Nugget ya yi lamo ko motsi ba ya yi.

Clarrie ya iso da sandarsa mai ƙugiya da buhu. Ya lallaɓa, ya zunguri macijin, ya sake zungura, sannan ya sa hannu ya ɗago shi kamar igiyar shanya.

"Anti Merle, wannan ai tun safe ya mutu. Ga tururuwa har sun fara aiki."

Baranda ta ruɗe da dariya, ni har da hawaye. Clarrie dai bai yi ba. Yana duban huda huɗu a wuyan macijin, sai ya tambaya wane ne ya cije shi. A lokacin ne Merle ta sunkuya ta dubi hammatarta. Yawu na zuba daga bakin Nugget, ƙafafunsa na baya suna reto.

Ban taɓa jin tsoro irin na cikin motar Clarrie a hanyar asibitin dabbobi ba. Likita ta ce macijin ya sare shi kafin ya mutu, da mun ƙara rabin awa da sai dai mu haƙa rami. Kwana uku Nugget ya yi a can, ya dawo da ƙafa a aske inda aka yi masa ƙarin ruwa, yana tafiya kamar mashayi.

Na shiga yi mata barka na tarar yana kan cinyarta tana ɗaga masa fatar ido tana leƙawa. Na so in tsokane ta, sai ta riga ni magana.

"Beryl," in ji ta, "awa biyu ina gadin gawa. Shi kuwa yana mutuwa a jikina, ina jin ɗuminsa, ina yabonsa da ladabi."