Kaka da Watan Ƙaura

Shekarar da aka yi wa kakata aikin ido, a gidana ta zauna, a Ƙaura Namoda. Daga Badarawa na ɗauko ta. Yanar ido ta daɗe da rufe mata idanu, har ta kai sai da murya take gane mutum. Likita ya ce ido ɗaya za a fara yi, kuma ta yi wata guda kusa da asibiti saboda ɗiga magani. Ni ne jikanta na fari. Tun ina rarrafe take ce mini maigida, ni kuma in ce mata amarya, ko da na yi aure ba mu fasa ba.

Ranar da aka cire mata bandeji ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ashe haka hancinka ya koma? Da na sani da ban yarda anka ɗaura ba." Matata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da magaribar ranar ina alwala sai na ji ta ƙwala kira. Na taho da gudu, na ɗauka faɗuwa ta yi. Na same ta tsaye tana nuna yamma, saman katangar maƙwabta.

"Maigida, ga shi can! Wata ya tsaya!"

Na duba, na ƙara dubawa, ban ga komai ba.

"Wai wa anka yi wa aikin, ni ko kai?"

Can sai na hango shi, siriri kamar yankan farce. Kaka ta bi shi da kallo har ya nutse. Hawaye ya zubo mata, matata ta riƙe mata hannu kada ta murza idon.

Daga ranar na samu sabon aiki. Ni tela ne a kasuwa, amma dole in rufe shago kafin magariba in zo in gyara wa amarya kujera. Kullum watan sai ya ƙara tsayi a sama, ya ƙara jimawa kafin ya faɗi, kujerar ma kullum sai an matsar da ita. In ta ga ya ƙara kauri sai ta ce yau ya samu tuwo. Da ya kai rabi suka yi gardama da matata. Kaka ta ce rabin masa ne, matata ta ce rabin ƙwarya, Kaka ta ce ai ita da yunwa take kallo.

Ranar da ya cika, muka juya kujerar gabas. Rana na faɗuwa ya ɓullo ta wajen hanyar Zurmi, jajir, faɗinsa kamar faifai. Ta sa aka kashe ƙwan tsakar gida, aka kawo tuwon dawa waje, ta ci tana nuna mana inuwarta a ƙasa.

Bayan nan sai ya fara jinkiri. Kaka ta san halinsa, ta ce, "Ya fara alkawarin tela." Da ni take. Ita kuwa da an yi isha'i barci ke kwashe ta, don haka ta daina riskar fitowarsa.

Wata magariba na dawo na tarar da ita tana fara'a. Ta ce watan ya tuba, yau da wuri ya fito. Na ɗauka zolaya ce, na wuce masallaci. Washegari ta ce, "Wanga wata naku na Ƙaura, bai tafiya ne?" Na ce shi ma zafi ya dame shi. Kwana na uku ta ƙi cin abinci. Matata ta ja ni gefe ta ce Kaka na cewa idon ya lalace, a shirya mayar da ita gida.

Na durƙusa kusa da kujerarta. Muryarta ta yi ƙasa, babu wasa a ciki.

"Maigida, na san wata. Kamata ya yi yanzu ya rage. Ni kuwa kullum cikakke nika ganinai, wuri guda, bai motsi. Yanar ce ta dawo."

Na ce ta nuna mini. Na ɗora kaina a kafaɗarta na bi yatsanta da kallo. Can cikin ganyen dogonyaro wani farin abu ne zagayayye yake haskawa. Fitilar sola ce da maƙwabcinmu direba ya kafa a kan dogon ƙarfe a cikin makon.

Na fashe da dariya na gaya mata, ta ƙi yarda. Sai da na aika aka roƙe shi ya rufe ta da buhu, watan Kaka ya mutu nan take, aka janye buhun ya dawo. Ta yi salati, ta kai mini duka da mafici, sannan ta ce a ɗumama mata tuwon. Da direban ya shigo gaishe ta, ta ce masa, "Sannu mai wata. Ka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, kada ka kashe tsofaffi."

Na gaskiyar kuwa da safe muka koma samunsa. Bayan sallar asuba sai mu gan shi a sama, fari fat, an gutsure masa gefe, wani lokaci har rana ta fito yana nan. Kullum yana ramewa yana matsawa gabas, har ya koma ɗan zare gab da fitowar rana. Wata safiya muka duba babu shi. A makon ne likita ya sallame ta.

Na raka ta Badarawa. Mata suka cika gidan, cikinsu har da ƙawarta ta ƙuruciya, wadda kullum suke hira amma rabon da ta ga fuskarta an daɗe. Kaka ta riƙe ta tana juya ta.

"Ke! Wa ya tsofar da ke haka?"

"Ke ba ki duba madubi ba?"

Ashe duk zamanta a gidana ba ta yarda ta duba ba. Aka kawo madubi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Ba laifi." Ta juyo wurina ta tambaye ni yaushe za a yi ɗaya idon.