Kaskon Gasa Bandiri

Shekarar da na shiga jami'a na kamu da son kiɗan wani Bature da ya rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Shi ke tsara kiɗan, shi ke tsayawa gaban makaɗa da 'yar siririyar sanda yana ja musu gora. Na karanta cewa idan ya sami hutu yakan kulle kansa a wata bukka a bakin tafki ya yi ta rubutu, ko kukan tsuntsu ba ya so. 'Yarsa ta rasu tana ƙarama. Makaɗansa kuwa tsoronsa suke ji, don in ya ji kuskure sai ya tsayar da kowa, ya sa mutum ya buga shi kaɗai, saura suna kallo. A lokacin wannan ɗabi'a ta burge ni. Nakan zauna a matakalar benenmu a unguwar Hindawiyya, waya a cinya, ina bin sautin kowane goge daban har kunnena ya saba kama wanda ya makara.

Ban lura da wuri ba cewa muna da irinsa a dangi. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce shugabar matan da ke kiɗan bandiri a ɓangaren mata idan ana biki. Umma tana cikinsu tun kafin a haife ni. Bayan rasuwar Baba, kiɗan nan ne kaɗai ke fitar da ita daga gida. Ranar biki take sa lalle, ranar nake jin dariyarta. Sai sanyin ƙashi ya kama yatsunta na dama. Na fara jin bugunta yana zuwa bayan na saura, kaɗan ƙwarai, ban faɗa wa kowa ba.

Fatar bandiri takan saki, ba ta amo sai an gasa ta a kan garwashi. Aikin sabuwar shiga ne, wadda ba a yarda ta buga ba tukuna. A bakin ƙofa take zama da kasko, a bayan kowa.

Wata Laraba bayan la'asar matan suka taru gwaji a gidan Gwaggo a unguwar Ka'akiyya, ni ina zuba musu gahawa. Ana tsakiyar kiɗa Gwaggo ta ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit.

"Akwai mai jan ƙafa," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Ke, ya binti, 'yata mai kunnen Turawa. An ce har wanda ya yi tari kina ji. Wace ce?"

"Ban ji komai ba, Gwaggo."

"Ba ki ji ba? Wallahi boko ya toshe miki kunne. Yalla, ɗaya bayan ɗaya."

Ta san ko wace ce. Da gangan ta fara daga ɗaya gefen, don kowa ta ji yadda bugun ya kamata ya fita kafin a iso kan Umma. Da aka iso, Umma ta gyara mayafi, ta ɗora bandirin a gwiwa, ta fara. Farkon ya fita daidai. Da aka zo wurin sauri, yatsun suka ƙi.

"Sake."

Ta sake.

"Sake. Kiɗa kike ko kina lallashin jariri?"

Wata daga cikinsu ta yi dariya, ta rufe baki da gyale.

"Yaya, yau ne kawai," in ji Umma. "Na'urar sanyin nan ce. In na shafa mai..."

"Ki shafa har gwiwar hannu. Amaryar mutane ba za ta tsaya jiran yatsunki ba. Halas, magana ta ƙare." Ta karɓi bandirin ta miƙa wa matashiyar da ke bakin ƙofa. "Tunda sanyi ke damunki, ga wuta can. Ai na tausaya miki."

Na ɗauka Umma za ta ɗauki abayarta mu tafi. Har na ajiye butar gahawa. Sai na ga ta tashi, ta ratsa ɗakin, ta zauna a kan 'yar kujerar da matashiyar ta bari. Ta jawo kaskon, ta hura garwashin.

A tasi muna komawa na ce, "Umma, kada ki koma."

"In zauna in yi me? In kalli bango?"

Ta koma, har yau tana komawa. Ina sauraron Baturen nan har yanzu, amma idan kiɗan ya lafa, goge ɗaya ya rage shi kaɗai, ba na tuna mai sandar. Mutumin da aka tsayar nake gani.

Na raka ta gwaji kwanan baya. Tana juya bandiri a kan wuta a hankali, tana shafa fatar da tafin hannu. Idan ta ga ya yi, sai ta ƙwanƙwasa shi da yatsa sau ɗaya, ta karkata kai ta saurara, sannan ta miƙa shi ciki.