Baba Gul da Takalman Hagu

Duk wanda ya zauna a gidan Baba Gul a unguwar Stratford ta Landan ya san ba a wuce shi a matakala bai jefe ka da karin maganar Pashto ba. Ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido, ya zubo ta da yaren iyayensa, wai duk a kan haɗin kai ne. Ka ce, "Baba, me take nufi?" Sai ya ce, "Tana nufin ku biyun nan ku sauko da katifar can." Shekara uku na yi haya a gidan, wallahi ban taɓa jin fassarar da babu aiki a cikinta ba!

Lokacin kuɗin man fetur ya buɗe a gida, mu ɗaliban gwamnati kowa na ji da kansa. Ni kuwa ina cikin tsaka mai wuya, don na faɗi jarrabawar lissafi, an rubuto cewa in na sake faɗuwa gida zan koma. Wanda ya iya lissafi a gidan shi ne Bitrus, mutumin Jos, mu kuma wata biyu ba ma ga-maciji, saboda ya cinye kilishin da gyatumata ta aiko mini, ya ce ya ɗauka na kowa ne. Na kowa!

Baba Gul ya sa mu a gaba. Ran nan muka dawo daga makaranta muka tarar ya shiga ɗakunanmu, ya bar mini butar shayi ta lantarki, ya ɗauke wayarta.

Na ce, "Baba, ai tawa ce."

Ya ce, "Taka ce mana. Wayar tana wurin Bitrus, ka ƙwanƙwasa."

Na ƙi. Mako biyu ina shan ruwan famfo a sanyin Landan, haƙorana na kaɗawa, ina cewa ni dama shayi bai dame ni ba.

Da ya ga haka, sai ya cire ƙofofin ɗakunanmu, da yake suna kallon juna, wai za a yi fenti. Har yau ba a sayo fentin ba. Muka rataya zannuwan gado. Ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce, "To, madalla, yau dai kun yi dabara iri ɗaya."

Saura wata guda jarrabawa, na duba littafi na ga ba zan kai labari ba. Na yanke shawara gara in koma Kano da ƙafata da a kore ni. Na haɗa kaya, na gaya masa na yi booking ɗin jirgi. Da safe na tashi sa takalmi, ƙafa huɗu nake da su, duk na dama ne suka rage. Har silifa!

Na sauko ina huci. Yana zaune yana shan koren shayinsa.

"Baba, ina takalmana?"

"Suna ƙarƙashin gadon Bitrus. Duk babin da ya ce ka iya, ya ba ka ɗaya."

"Wannan ai zalunci ne!"

"Zalunci ne. Ka tafi ofishin 'yan sanda ka faɗa musu. Da wane takalmin?"

Na hau sama na yaye zanin Bitrus, da niyyar faɗa. Na tarar ya buɗe littafi, ya ajiye kujera ta biyu. Bai ɗago ba ya ce, "Tukur, zauna. Ni ma tsohon nan ya ƙwace mini bargo, ya ce sai ka ci jarrabawa. Don Allah ka yi ƙoƙari, sanyi zai kashe ni."

Muka duƙufa. Ya zage ni, na zage shi, muka ci gaba. Silifa na fara samu, sai bayan kwana tara. Na ci jarrabawar da ƙyar, amma na ci.

Abin da ke ci mini rai shi ne, har na bar gidan ban yi wa tsohon godiya ba. Girman kai ya hana ni, ina cewa sai na dawo. Ban dawo ba sai da Bitrus ya bugo mini waya, ya kira sunana sau biyu, ya kasa ƙarasawa.

Baba Gul, na gode, ko da na makara. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari. Amin.