Gilashin Motar Baba

A gidanmu na Zongo, bayan sallar magariba, Kaka takan ja kujera gaban kurfoti, murhunta na gawayi, tana dafa waken da za ta sayar da safe. Mu jikoki mu kewaye ta, rabin hankalinmu a kan tukunya. Ni ne mai yawan tambaya, shi ya sa take ce mini mijinta mai surutu.

Akwai tatsuniyar da ta fi ba ni haushi. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka koma kangon gidansu, suka tarar saiwar kuka ta rungume tukunyar uwarsu a cikin busasshiyar ƙasa. Babban ya ɗaga fartanya zai sara, ƙaramar ta riƙe hannunsa. Kullum da safe sai ta zuba ruwa ƙwarya ɗaya, ta kwashe ƙasa da yatsa, har tukunyar ta fito ba ko tsaga.

Na ce, "Kaka, me ke ciki? Zinariya?"

Ta ce, "Ba komai."

"To wahalar ta mece ce?"

Ta gyara gawayi ta ce, "Kai maigida, ba ka ji na ce ta uwarsu ba ce?"

Na tashi ina guna-guni, na ce an cuce mu.

Yau ni bakanike ne a Magazine, unguwar masu gyaran mota, furfura ta fara fito mini. Bara na jawo tsohuwar a-kori-kurar marigayi Baba, wadda ya yi jigilar goro da ita, na ce sai ta sake hawa titi. Gilashin gabanta irin na da ne, ana murɗa wani ɗan hannu ya buɗe ta ƙasa iska ta shigo. Sai an cire shi kafin a yi walda, ga tsatsa ta cinye kusoshin, robar gefensa ta bushe ta kama shi gam. In na matsa masa, ya fashe.

Kwaku, mai walda a gefena, ya ce, "Masta, fasa shi kawai! Gilashi ne shimfiɗaɗɗe, yau-yau za a yanka maka sabo."

Gaskiya ya faɗa. Na ɗauki guduma ma. Sai idona ya kai kusurwar dama, inda zoben Baba ya goge gilashin, don nan yake ƙwanƙwasawa in ya hango mu a bakin lungu. Na ajiye gudumar.

Kwana tara ina ɗiga man birki da kananzir a kan kusoshin, ina yankar robar kaɗan-kaɗan da reza. Ni da ba na iya jiran shayi ya huce. Ran na goma hannun ya murɗa, gilashin ya saki, muka sauke shi a kan katifa lafiya lau.

Kwaku ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "To me ke jikinsa, Masta?"

Sai na tuna Kaka da tatsuniyar tukunyar nan. Na ce, "Ba komai. Na Baba ne."